Zuwa ga abokina a Agadas, kan maganar kwal

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya su Inna da yara? Mu nan Sakkwato hazo ya sauko, sai godiya.

Ka tambaye ni mi nika bincike a kai a sashen kemistiri, to kwal ne, irin wanda kuke haƙowa nan Anu Araren kuna samun wutar lantarki. Abin da ya riƙe ni shi ne, ruwa kowa ya san fomularshi H2O ce, gishiri NaCl, amma kwal ba shi da fomula guda, ko guntu biyu daga rami ɗaya ba su zama daidai, tunda tsirrai ne iri-iri sunka binne miliyoyin shekaru zafi da nauyin ƙasa na gasa su.

Shi ya sa masana sunka koma zanen kwatance na yadda ƙwayar kwal take a tsare. Fuchs da Sandhoff sun fito da nasu a 1942, Given a 1960, Shinn a 1984, yanzu kuma kwamfuta ke gina su, har sun haura 130. Jiya na zauna da fensir ina kwafar na Shinn, zobban carbon masu kusurwa shidda manne da juna biyu-biyu uku-uku, ga 'yan gadoji sun haɗa su, oxygen nan, sulfur can, wallahi fallen takarda bai isa ba. Wanda ya fi kwanta min shi ne masu cewa kwal awa komar masunta yake, babbar saƙa guda da ƙananan ƙwayoyi maƙale cikin idanunta, in ka jiƙa shi a wani ruwan sinadari mai suna pyridine ƙananan su fito, saƙar ta kumbura kawai ba ta narkewa.

Wasu abokan karatu suna cewa tunda ba wanda ya taɓa ganin ƙwayar ai ɓata lokaci ne, ni ban yarda ba. Zanen nan ke nuna maka gadar da za ta fara tsinkewa in an zafafa kwal, da inda sulfur mai gurɓata iska ya ɓoye. Kuma yawancinsu a kan kwal ɗin Amurka, Turai, China da Ostareliya anka yi su, mu da munka fara haƙar na Inugu tun 1916, ga na Okaba a Kogi ga na Maiganga a Gombe, ya kamata a ce muna da namu.

Don Allah in direba zai taso ta Konni ka aiko min da guntun naku, ka ɗaure shi tam cikin leda kar iska ta shiga. Ka gaida mutanen gida duka.

Naka,
abokinka na Sakkwato