Wasiƙa Zuwa ga Alhaji Bashir a Kan Mangwaron da Ya Shuka a Mancesta

Ƙofar Marusa,
Katsina.
18 ga Afrilu.

Zuwa ga aminina Alhaji Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, kamar yadda muke a nan. Saƙonka ya iso ni tare da hoton ɗan mangwaron da ka shuka a tukunya, kuma na ga ya fi kyau in zauna in amsa maka a rubuce, domin tambayar da ka yi ta fi ƙarfin hirar waya. Ka ce ƙwallon ya tsiro, ya yi ganye takwas a bara, sannan ya tsaya cak tun watan Oktoba, kana kuma son sanin yawan zafin da zai buƙata a bazararku kafin ka sa ran cin 'ya'yansa.

Bari in fara da lambar da ka nema. Mangwaro ɗan asalin Indiya ne da ƙasar Bama, kuma ya fi sakin jiki idan zafi yana tsakanin digiri 24 da 30 a ma'aunin Salshiyas. Abin da ya haura wannan bai cika damunsa ba matuƙar saiwarsa ta kai ga ruwa. A makon nan zafin rana yana taɓa 40 a Katsina, amma bishiyoyin lambuna da ke Ajiwa suna nan kore shar, 'ya'ya sun rinjayi rassa. Matsalarsa tana ta ƙasa. Idan ma'auni ya sauka ƙasa da 15 sai girmansa ya ja baya, idan ya kusanci 10 sai ya daina toho gaba ɗaya ya zauna jiran ɗumi. Saboda haka tsayuwar da naka ya yi tun Oktoba ba ciwo ba ne, halinsa ne.

To, sai mu auna bazararku da wannan mudu. A Mancesta matsakaicin zafin rana a watan Yuli, wanda shi ne ƙololuwar zafinku, da ƙyar yake kaiwa 21, da dare kuwa yakan sauka wajen 12 ko 13. Landan ta ɗan fi ku, tana samun kamar 23 da rana. Na san za ka tuna mini da Yulin 2022, lokacin da ma'auni ya haura 40 a Ingila karo na farko a tarihi, har ka kira ni kana cewa Katsina ta biyo ka. Wannan zafi na kwana biyu ne, shi kuwa mangwaro lissafinsa na watanni ne. Daga ranar da ya yi huda zuwa ranar da 'ya'yansa za su nuna akwai wata huɗu zuwa biyar, kuma a duk tsawon wannan lokaci yana son ranaku masu zafi da darare masu ɗumi a jere, ba tare da yankewa ba. A nan gida, yayin da 'ya'yan suke ƙosawa a Afrilu da Mayu, daren da muke kwana a tsakar gida muna fifita yana kusan digiri 25. Idan kana son ka gane al'amarin a taƙaice, daren Yuli naku daidai yake da daren Janairu namu, lokacin da muke kwana da bargo ana hura wuta a zaure. Wato abin da bishiyarka za ta ɗauka a matsayin hunturu, shi ne ku kuke kira bazara.

A kan wannan batu na dare nake son ka tsaya sosai, domin a nan mafi yawan masu gwadawa suke ruɗuwa. Mutum yakan duba ma'auni da azahar ya ga 24, ya ce ai an kai, alhali sa'o'in da aka yi a wannan mataki ba su fi uku ba, sauran yini da dukan dare bishiyar tana cikin sanyin da ba ta aiki a cikinsa. Ƙasar da ke cikin tukunya ma takan huce da wuri fiye da ƙasar gona, kuma saiwa mai sanyi ba ta jan ruwa da abinci yadda ya kamata, ko da ganye yana cikin rana.

Kada kuma ka ɗauka mangwaro maƙiyin sanyi ne ta kowace fuska. Ka tuna da lokacin da yake huda a nan: daga Disamba zuwa Fabrairu, a tsakiyar hunturu, bayan damina ta ɗauke da watanni. Sanyin dare da bushewar ƙasa su ne suke dakatar da toho su tura bishiya ta fitar da fure. Ke nan sanyin da zai sa ya yi huda ba zai yi maka wuya ba, har ma ya yi maka yawa. Abin da za ka rasa shi ne abin da ke biyo baya. A wurinmu hunturu yana wucewa zafi ya kama nan take, huda ta ƙulla, 'ya'ya su ci gaba. Idan kuwa darare suka ci gaba da zama ƙasa da 15 alhali fure yana buɗe, barbara takan lalace, sai ka ga 'yan ƙananan 'ya'ya marasa ƙwallon kirki waɗanda ba sa girma, yawancinsu su kakkaɓe. Na taɓa ganin haka da idona a shekarar da jaura ta yi tsanani ta kuma daɗe, bishiyoyin da suka riga yin huda suka tashi kusan a tutar babu, waɗanda suka makara suka yi albarka. Idan sanyi ya kai wajen digiri 4 ko 5, furen da ƙananan 'ya'yan mutuwa suke yi. Sannan sanyinmu busasshe ne, naku jiƙaƙƙe, kuma laima a kan fure ita ce take kawo fumfuna, wadda za ka gani kamar an barbaɗa toka, ko kuma fure ya yi baƙi ya zube.

Duk da haka akwai waɗanda suka ci nasara a ƙasashen da ba na zafi ba, kuma yadda suka yi yana da darasi. A kudancin Sifen, a yankin Ashakiya na lardin Malaga da gaɓar tekun Giranada, ana noman mangwaro a fili har ana kai shi kasuwannin Turai, galibi irin da ake kira Osteen. Duwatsu sun tare musu iskar arewa, teku tana sassauta musu sanyi, da wuya raɓa ta daskare, kuma zafin Agusta yana kaiwa wajen 30. Amma ka lura da abu biyu. Na farko, ba sa girbi sai daga Satumba zuwa Nuwamba, domin zafin da Katsina take tarawa da wuri su sai sun daɗe kafin su tara shi. Na biyu, manoman can sukan yanke hudar farko idan ta fito da wuri cikin sanyi, don bishiya ta sake wata lokacin da gari ya yi ɗumi. A Japan kuma, a lardin Miyazaki, irin Irwin suke nomawa cikin ɗakunan da ake ɗumamawa, suna ɗaura 'yar raga a ƙarƙashin kowane ɗa don ya faɗa ciki idan ya nuna da kansa. Malaga tana kudu da ku da tafiya mai nisa, saboda haka hanyar Japan ce taku.

Ka ambata cewa gidanka yana da ɗan ɗakin gilashi ta baya. Idan yana fuskantar kudu, to ka samu rabin aiki, domin a can rana ba ta ratsa tsakiyar ka kamar yadda take yi mana, kullum ta kudu take bi. Ka sayi ma'aunin zafi irin wanda yake riƙe lamba mafi sama da mafi ƙasa na yini, ka rataye shi daidai tsayin ganye, a inda rana ba ta dukansa kai tsaye. Daga Mayu zuwa Satumba ka nemi 25 zuwa 30 da rana, da dare kuma ka yi ƙoƙari kada ya gaza 18, ko da sai ka kunna hita da asuba. Idan rana ta buɗe ɗakin ya haura 35, ka buɗe taga, domin bishiyar tukunya ba ta da zurfin saiwar da za ta jure abin da na Ajiwa suke jurewa. A lokacin sanyi ka riƙe shi sama da 10, kada kuma ka matsa masa ya yi toho, tunda hasken ranarku a Disamba bai cika sa'a takwas ba, mu kuwa ko a mafi gajartar yini muna da fiye da goma sha ɗaya. Kada kwaɗayin iska ya sa ka fitar da shi waje kafin Yuni, domin raɓa takan daskare a wurinku har cikin Mayu, kuma ƙaramin dashe irin naka dare ɗaya a ƙasa da sifili ya ishe shi.

Ruwa kuma, na san halinka na tausayi, ka rage hannu. Abin da ya fi kashe mangwaron tukunya a ƙasar sanyi shi ne saiwa ta kwana cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi har ta ruɓe. Ka haɗa masa ƙasa mai yashi kamar jigawarmu, tukunyar ta kasance da huji a gindi, kuma sai saman ƙasar ya bushe sannan ka ƙara. Ranar da Allah ya nuna maka fure, ka bar taga a buɗe da rana, domin ƙudaje ne suke yin mafi yawan aikin barbararsa.

Sauran maganar ita ce ta irin. Ƙwallon da ka ciro daga mangwaron kanti, wataƙila Kent ne ko Keitt, waɗanda asalinsu daga Fulorida ta Amurka ne, kuma ƙwallonsu ba ya maimaita uwa. Abin da zai haifa yana iya zama mai zaƙi, yana iya zama mai tsami da zare. Ko a nan ɗan ƙwallo yakan kai shekara biyar zuwa takwas kafin ya fara, balle inda yake aiki wata huɗu ya huta takwas. Shawarata ka bar wannan ya zama na ado da koyon hannu, ka nemi ɗan aure, wato dashen da aka haɗa masa reshen iri mai kyau, daga masu sayar da dashe na can, irin da ba ya yin tsawo sosai kamar Irwin, wanda a wuri mai ɗumi yakan fara a shekara ta uku ko ta huɗu. Reshen Binta Siga da ka roƙa in ba ɗan'uwanka ya taho maka da shi kuwa, ka yi haƙuri ba zan aiko ba, domin dokar Birtaniya ba ta yarda a shiga da dashe ba tare da takardar shaidar lafiyar tsiro ba, kuma ba na son a tsare shi a filin jirgi saboda reshe.

Ka riƙa rubuta lambar dare da ta rana kowace safiya daga farkon Mayu zuwa ƙarshen Yuni, ka turo mini, daga nan zan gaya maka ko ɗakin gilashin ya isa shi kaɗai ko sai an ƙara masa wuta. Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Wassalam.

Amininka,
Malam Lawal