Mun cire kwaɗon ƙofar coci

Aboabo, Kumasi

Abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗaki da yara. Yaya sanyin Jos? Nan sai godiya. Iya tana gaishe ka, kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka zo gida.

Ka tambaye ni labarin matasan cocinmu. Ka tuna lokacin da ka tafi, benci uku na baya nasu ne. Bara ko ɗaya ba sa cikawa. Wasu sun koma manyan majami'u inda ake sujada da Turanci, wasu kuwa ba sa zuwa ko'ina. Ƙidayar 2021 ta ce kashi 71 cikin ɗari na mutanen Gana Kirista ne, amma ni ran Lahadi bencin nan nake dubawa, zuciyata tana ƙuna.

Dattawa suka ce duniya ce ta ja su. Ni ban yarda ba. Yaron da ya yini yana tuƙa pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, tsakanin Aboabo da kasuwar Kejetia, ya dawo ɗakin da mutum biyar ke kwana, ina zai zauna ya huta? Sai bes, majalisar samarin unguwa. Can akwai benci, akwai ataya, akwai wanda zai saurare shi har dare. In ba can ba, sai shagon cacar ƙwallo. Mu kuwa ga ginin Allah da fanka da wuta, kwana shida a kulle.

Shi ya sa muka roƙi fasto, ya amince. Yanzu daga Talata zuwa Jumma'a muna buɗewa ƙarfe biyar, mu rufe tara. Mun jera tebura, masu shirin sake rubuta WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, suna karatu, wasu suna cajin waya, tukunyar ataya tana kan gawayi a bakin ƙofa. Wata 'yar'uwa tela ta kawo kekenta tana koya wa 'yan mata uku masu dakon kaya a kasuwa. Ranar da ƙungiyar ƙwallon Kotoko ke wasa, ba a samun wurin tsayawa.

Wani dattijo da ka sani ya ji zafin abin sosai. Ya ce ɗakin addu'a ne, ya kawo maganar Yesu da masu ciniki a haikali. Ban raina maganarsa ba, don tsoron Allah ne ya sa shi faɗa. Na je gidansa na durƙusa na ce, Baba, babu mai sayar da ko ashana a wurin. Na tuna masa Bishop Peter Sarpong na Katolika, wanda ya hau kujerar Kumasi a 1970, ya shigo da gangunan Asante da rawarsu cikin sujada, yau kuma ba mai ganin baƙon abu ne. Baba bai ce komai ba. Bayan mako biyu ya aiko da kwan fitila huɗu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran Musulmi, don kusan rabin masu zuwa su ne. Wasu cikinmu sun so a riƙa tsayar da hira a yi musu wa'azi. Na ƙi, har muka ɗaga murya. Iyayensu amana suka ba mu, kuma shayin da aka ɗana tarko a ƙarƙashinsa ba kyauta ba ne. Da an kira magariba sai su bar littattafansu a buɗe su tsallaka masallaci, su dawo su tarar ba wanda ya taɓa. Limamin unguwa ya zo da kansa ya duba, muka sha ataya tare, har ya ambaci yadda babban limamin Gana, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Christ the King a Ankara, babban birnin Gana, lokacin Ista na 2019.

Ran Lahadi bencin bai cika ba tukuna. Amma wani yaro da ya yi shekara biyu bai taka coci ba, da mahaifinsa ya rasu a Boku, wurinmu ya fara zuwa da dare, ya ce in yi addu'a da shi kafin ya hau mota.

Kuɗin wuta ne ke ba mu wahala yanzu. In kana da tsohuwar kwamfuta ko littattafan lissafi, ka ba duk mai zuwa ya kawo mana. Ka rubuto mini yadda kuke yi da naku matasan a can. A gaida maiɗaki da yara.

Naka har kullum,
Abokinka na Aboabo