A Duba Ƙurar Hunturu Kafin A Sayi Na'urar Share Wurin Ninƙaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Aikina kula da wuraren ninƙaya a gidajen Abuja, kuma ina ganin yadda ake asarar kuɗi wajen sayen na'urar da ke share su da kanta.

Iri uku ne. Mai zuƙa ta fi araha, amma da injin famfon da ke juya ruwan wurin ninƙayar take aiki. Aka ɗauke wuta, ta kwanta. Mai aiki da ƙarfin turin ruwa, irin Polaris, gwana ce wajen kwashe ganyen mangwaro da dogonyaro, sai dai jakarta ba ta riƙe lallausar ƙura.

Mu kuwa ƙura ce damuwarmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu za ka share da yamma, gari ya waye ka tarar ƙasan ya yi ja, tayil na santsi a tafin ƙafa. Nan mai injin kanta, irin Dolphin, ta yi zarra: tana da matacinta, tana hawa bango, ba ta shan wuta sosai. Tsada kam akwai.

Alhazai, kafin ku biya, ku tambayi dillali ko ana samun matacinta da burushinta a nan gida. Na san wadda ke ajiye a sito tun bara saboda rashin bel ɗaya na injinta.

Naku,
Wani mai karatu, Abuja