Wasiƙa ga iyayen yara: Ina malamanmu suke zuwa ranar da ba su aji?

Iyayenmu maza da mata da masu riƙon yara, assalamu alaikum. Barkanmu da kaka, da fatan gero da wake sun shiga rumbu lafiya.

Wasiƙar wannan karo a kan malamai take. Tun da aka koma lakkol a watan Oktoba, tambayar da ta fi zuwa mini ita ce: me ya sa yaro zai dawo gida da hantsi ya ce mushe, wato malaminsu, ba ya nan? Haƙƙinku ne ku tambaya. Malamin da ya yi fashi ba dalili, ni zan fara kai sunansa gaban inspekta. Amma akwai ranakun da hukumar ilimi da kanta take janye malami daga aji, kuma gara ku san su, don kada a haɗa mai ƙoƙari da mai wasa a yi musu kuɗin goro.

Na farko shi ne taron da malamai ke kira CAPED. Malaman makarantun da ke maƙwabtaka da juna ne suke haɗuwa wuri guda, tare da mai ba malamai shawara daga ofishin inspekta. Mutum ɗaya zai tashi ya koyar da darasi a gaban ƴan uwansa, da yara na gaske a zaune, su kuma suna kallo suna rubutawa. In ya gama sai a zauna a tsefe darasin: ina ya yi sauri, wace tambaya ce ta wuce kan yara, me ya sa na bayan aji ba su ɗaga hannu ba. Ba abu ne mai daɗi ba a tsaya gaban abokan aiki a yi maka gyara, amma ban san wata hanya da ta fi ta gyara malami ba. Saƙon taron yakan sauko ne daga hukumar ilimi ta jihar Maraɗi, wato DREN, ya biyo ta hannun inspekta ya iso gare mu. Alkawarin da na ɗauka shi ne, da zarar ya iso za mu rubuta ranakun a kayen kowane yaro, mu kuma sanar da shugaban COGES, wato kwamitin kula da makaranta.

Me ya sa hukuma ta dage da wannan? Waɗanda suka daɗe da yara a lakkol za su tuna shekarar 2017, lokacin da gwamnati ta yi wa malaman firamare ƴan kwantiragi jarrabawa a faɗin Nijar, kusan ɗaya cikin uku ne kawai ya kai rabin maki. An ji kunya, an yi ta surutu a rediyo. Ni dai ban taɓa ɗora laifin a kansu su kaɗai ba. A shekarun da ƙasa ta yi ta buɗe makarantu ƙauye-ƙauye, an ɗebi matasa da yawa an miƙa musu alli ba tare da sun bi ta makarantar horon malamai irin ta Bawa Jan Gwarzo da muke da ita nan Maraɗi ba. Wanda ba a koya masa koyarwa ba, dole a ci gaba da koya masa yana kan aiki.

Na biyu, jarrabawar ƙwarewa. Malami ba ya hawa mataki don kawai ya daɗe. Akwai CEAP, akwai CAP. Ana farawa da rubutu, wanda ya haye sai alƙalai su zo har ajinsa, su zauna a baya, su ga yadda yake koyarwa, su duba takardun shirin darasinsa da kayen yara, sannan su yi masa tambayoyi baki da baki. To a nan ne kuke da hannu, ko da ba ku sani ba. Malami zai kwana yana shiri, gari ya waye rabin aji ba su zo ba: an aiki wannan kasuwa, an ɗora wa waccan talla, wani ya zo ba alkalami. Abin da alƙalai suka gani shi za su rubuta. Ina roƙonku, ranar da muka ce ana duba malamin ɗanku, a sallami yaro da wuri, ya karya, ya zo da kayansa cikakku. Wanda ya ci wannan jarrabawa, in ya cika shekarun da doka ta tanada, yana iya shiga gasar zuwa babbar makarantar horon malamai ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, inda ake horar da masu ba da shawara da inspektoci. Wata rana ɗan unguwarmu ne zai dawo yana duba makarantun yankin nan.

Maganar ƴan kwantiragi kuwa, ina so ku riƙe ta da tausayi. Aikinsu ɗaya da na ma'aikacin gwamnati, aji ɗaya, yara ɗaya, amma abin da suke karɓa a ƙarshen wata bai kai ba, kuma burin kowannensu ya samu lambar aiki. Duk lokacin da ma'aikatar ilimi ta buɗe ƙofar ɗauka, sai an haɗa takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da shaidar kotu, da takardun karatu, kuma wa'adin ba ya jiran kowa. Ina ba su izinin fita da sharaɗin wani malami ya riƙe ajin. Malamin da ya samu lamba hankalinsa yakan kwanta, ya daina leƙen wata sana'a, kuma yaranku ne suke cin ribar.

Akwai wata dama da nake ta nuna wa matasan malamanmu. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Koyarwa da harshen gida ba baƙon abu ba ne a Nijar, tun 1973 aka fara gwada shi a Damagaram. A ganina, malamin da ya iya rubuta Hausa bisa ƙa'ida, ya kuma iya ɗaukar yaron CI, wato ajin farko, daga harshen uwarsa ya kai shi Faransanci a hankali, za a neme shi. Jin Hausa daban, koyar da lissafi da ita daban. Iyayen da ke tsoron Hausa za ta hana yaro Faransanci, ku zo ku zauna a ajin CI na awa ɗaya, ƙofa a buɗe take.

Sai azuzuwan zana. Duk horon da aka ba malami, in ba shi da inuwar da zai tara yara, aikin bai fara ba, shi ya sa azuzuwan da ke jiran kara sukan makara kowace shekara. Babu ɗan Maraɗi da ya manta ranar 8 ga Nuwamba 2021, da gobara ta cinye azuzuwan zana a garin nan, yara sama da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ƙara wa iyayensu haƙuri. Saboda haka bana ma ƙananan yara ɗakunan gini za su zauna, a bar tazara tsakanin rumfa da rumfa, kowace da ƙofa biyu, kuma masu tuya da masu gashi su ja nesa da shingen makaranta. Iskar hunturu ta fara kaɗawa, kada a bar yaro ya fito da ashana a aljihu.

Taron COGES da ƙungiyar iyaye da ta uwaye mata zai kasance ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe 9 na safe a filin makaranta. Za mu tsara wanda zai kula da yara ranakun da malamai ke CAPED, da yadda za a ci gaba da darussan ƙari na karatu da lissafi da yamma. Wanda ke da kara ko zana da zai bayar, ya gaya wa ma'ajin COGES kafin ranar. Uwaye mata, muna buƙatarku ƙwarai, don ku kuka fi sanin yarinyar da ta fara fashi.

Na gode, Allah ya raya mana su.

Daraktan makaranta