Zuwa ga masu sayen burodinmu a Tawa, bayan rasuwar Hajiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, abokan cinikin wannan gida,

Muna godiya ga duk wanda ya tako gaisuwa, da wanda ya aiko, da waɗanda suka raka kakarmu Hajiya makwancinta. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ta haura shekara 90 a duniya, kuma fiye da rabinsu a bakin tanderu ta yi su. Allah ya jiƙanta, ya kyautata makwanci.

Magana tana dawo mana cewa tun da tsohuwa ta kwanta dama burodin gidan nan ya canza, ya rage auki, ba ya kwana. Wasu masu shayi sun rage abin da suke ɗauka, wasu kuma sun daina aiko yaro ba tare da sun ce mana uffan ba. Ba mu musa cewa burodin ya canza ba. Abin da ya yi mana ciwo shi ne a ce hannu ne ya canza. Hajiya ta daɗe da barin kwaɓi da kanta. Tana zaune kan tabarma ake kai mata ta taɓa ta ce a ƙara ruwa ko a bari haka. Hannuwan da suka yi muku burodin bara su ne ke yin na yau.

Awon da ta bar mana ba asiri ba ne. Buhun fulawa mai kilo 50 yana cin ruwa lita 30, gishiri giram 900, sukari kilo 2, mai lita 1, yis giram 250, sai tsohon kwaɓi na jiya kilo 5. Wannan tsohon kwaɓin shi ke ba burodinmu ɗan tsamin nan da kuka sani, shi ke sa ya kai gobe bai bushe ba. Ana murza kwaɓi har sai an ja shi tsakanin yatsu ya yi siriri bai yage ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa ke wuce digiri 40, da ruwan ƙanƙara ake kwaɓawa, in ba haka ba ya tashi kafin lokaci ya zube. Da ɗari kuwa ruwa mai ɗumi ne, a lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle don kada iska ta busar masa da baya ya tsattsage a wuta. Tanderu ana hura shi da busasshen icce har baƙin hayaƙin da ke rufinsa ya washe, a kwashe garwashi, a goge ƙasan da jiƙaƙƙen tsumma, a watsa ɗan gari. In garin ya yi baƙi nan take, a dakata. In ya yi ja a hankali, a sa. Gurasa ke fara shiga don ita ke son wuta mai ƙarfi, burodi ya biyo, gato, wato kek, kuma sai zafi ya sauka. Ko ɗaya cikin waɗannan ba mu canza ba.

Fulawa ce matsalar, kuma muna roƙo ku saurare mu a nan. Alkamar da ake nomawa a ƙasarmu ba ta isa gidajen burodi ba, daga waje ake kawo yawancinta. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da a da suke shigowa ta Kwatano da yawansu sai sun sauka Lome, su ratsa Burkina Faso, su jira ayari, su iso Yamai, sannan a sake lodi zuwa Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, kafin Tawa. Buhu ya yi makonni a cikin mota ƙarƙashin tampol, rana na dukansa. Ɗan kasuwar da muke saye wajensa tun zamanin mahaifinsa yanzu ba ya ba da bashi, kuma ba ka da zaɓi: irin da ya samu shi zai aiko, yau wannan tambari, jibi wancan. Wata fulawar ba ta da danƙo. Lita 27 kawai take sha, in ka cika mata 30 sai kwaɓi ya saki jiki ya baje a faranti. Ruwa ya ragu, to dole burodi ya fi saurin bushewa. Danƙo ya yi kaɗan, to ba ya riƙe iskar da yis ke fitarwa, shi ya sa kuke ganinsa a kwance ko da nauyinsa bai ragu ba a sikeli. Wani buhun kuma sai an tankaɗe shi sau biyu saboda ƙwari da dunƙule-dunƙule. Wani zai ce a ƙara yis mana. Ƙarin yis a kan fulawa mai rauni yana sa kwaɓi ya kumbura da wuri ya faɗi, ya bar wari. Akwai hodar da ke hura burodi ya yi girma a ido, ciki ba komai. Hajiya ta hana a shigo da ita gidan nan, mu ma ba za mu fara ba, ko da na wasu zai fi namu kyau a kan tire.

Icce ma ya ƙara tsada, kuma da yawansa ɗanye ake kawowa. Ɗanyen icce hayaƙi yake yi, ba ya zafafa ƙasan tanderu, sai saman burodi ya yi ja ƙasansa bai gasu ba.

Wannan gida ya ga yunwar El Buhari ta 1984, ya ga faɗuwar sefa a Janairun 1994 da kuɗin kayan waje ya tashi dare ɗaya. Hajiya ba ta kashe wuta ba a duka biyun, dattawan unguwa shaida ne.

Muna nan muna ƙoƙari. Ana magana da wasu mutane a kan fulawa, muna kuma duba wasu hanyoyi, in Allah ya yarda za ku ga sauyi. Batun farashi ba mu yanke komai ba tukuna.

Baba mai shayi na bakin tasha, kai da ka fara ɗaukar burodi tun Hajiya na ɗaura shi a ƙwarya, ba mu manta ba. Iyayenmu mata na Bilbis da ke yin odar gurasa duk azumi, da gidajen da Hajiya ta yi wa gaton aurensu kuma muka yi na auren ƴaƴansu, da direbobin hanyar Agadas masu tsayawa kafin asuba, mun gode. Wanda ya ga abin da bai yi masa ba, don Allah ya zo ya faɗa mana a ido, ya fi mana a ji a kasuwa. In an kawo burodin da bai gasu ba, za mu canza shi.

Ana fitar da zubin farko bayan sallar asuba kamar kullum. Ranar sadakar arba'in ba za mu yi ciniki ba, gurasar ranar ta sadaka ce, kuma muna gayyatarku addu'a a gida.

Wassalam,
Ƴaƴa da jikokin Hajiya, gidan burodi, Tawa