Godiya ga kafintocin da suka kafa mana tsanin silin a Mabera

Assalamu alaikum.

Zuwa ga maigidan shagon kafinta da yaransa, waɗanda suka yi mana aiki a gidanmu da ke Mabera, cikin garin Sakkwato. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne don in gode muku kan tsani mai naɗewa da kuka kafa mana a silin, kuma don masu irin wannan buƙata su san akwai gwanayen aikin a garin nan.

Duk mai gidan kwano ya san ba a rabuwa da shiga silin. Wayoyin wuta can suke, na sola ma ta can aka ja su zuwa inbata, in damina ta kankama kuma daga can ake gano inda ke yoyo. Amma hanyar shiga ita ce 'yar kafar nan da ake bari a lungu, sai an aro tsanin maƙwabta, ko a ɗora kujera kan tebur mutum ya ja jikinsa da ƙarfin damtse. Shi ya sa na sayi tsanin nan mai gaɓa uku, wanda ke naɗewa a bayan murfinsa, murfin kuma faɗinsa santimita 60 ne, tsawonsa 120.

Malam, abin da ya fi burge ni shi ne ba ka taɓa zarto ba sai da ka hau da tocila ka duba abin da ke sama. Da ka sauko ka ce mini: "Alhaji, katakon ga ba shi ɗaukar mutum, silin kaɗai aka yi shi ya riƙe." Na nuna maka takardar cikin kwali inda aka rubuta tsanin yana ɗaukar kilo 150. Ka ce wannan ƙarfin tsani ne, to abin da za a maƙala shi a jiki fa? Siraran katakan nan tu-bai-tu, in aka ɗaura musu nauyin ƙato da buhu a kafaɗa, wata rana da mutum da tsani da silin za su sauko tare. Wani da ya buga kusoshinsa ya shafa fenti ya karɓi kuɗinsa, kuma ba mai ganewa sai ranar da ta ɓaci. Ku kuwa kuka kawo katako tu-bai-sikis busasshe, kuka shafe shi da maganin gara, kuka gitta shi tsakanin manyan katakan da ke zaune kan bango, kuka ɗaure da bol da noti. Kuɗin aikin ya ƙaru, amma tun kafin a fara ka faɗa mini ƙarin da dalilinsa, kuma daga baya ko sisi bai hau ba.

Haka kuma kuka ƙi yanke katakon da ke ɗauke da rufi, duk da ya tare daidai inda na so a buɗe. Ni a falo na so, uwargida ta ce ba a falonta ba, ƙarshe dai katakon ne ya raba gardama, aka koma koridon ɗakin yara inda akwai filin da tsanin zai miƙe ba tare da ya daki bango ba.

Na tsaya na kalli babban yaronka lokacin da yake daidaita ƙafafun. Ya buɗe gaɓa biyu, ya ja tef daga ƙarshensu zuwa tayil ta gaba da ta baya, sannan ya yanke gaɓa ta uku a karkace yadda ƙafar za ta zauna daram. Ya ce in ta yi tsawo tsanin zai lanƙwashe a mahaɗa, in ta gaza kuma nauyi duk ya koma kan hinji. Yanzu in ka taka, ko motsi ba ya yi. Murfin ma an zagaye bakinsa da roba, saboda ƙurar hunturu da zafin da ke taruwa ƙarƙashin kwano.

Zancen zafi kuwa, a watan Afrilu aka yi aikin, lokacin da garin nan ke wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin silin da ke komawa kamar tanderu. Da an idar da sallar asuba kuke zuwa, kafin hantsi ya dubi ludayi kun gama na sama kun sauko. Kuna sallama kafin ku shiga cikin gida, kun lulluɓe kaya da leda, kun share garin silin ɗin kafin ku tafi. Iyalina sun yaba da wannan ladabi ƙwarai.

Na kuma riƙe gargaɗinku: a taka kan falankin da kuka shimfiɗa kawai, kada a ajiye fetur ko tukunyar gas ko batir a sama, a riƙa duba notuna lokaci-lokaci, sandar jawo murfin kuma a rataye ta inda hannun yara ba ya kai.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara kasuwa, ya yi wa yaran shago albarka. Maganar kabad ɗin kicin tana nan, bayan salla in sha Allahu zan neme ku.

Naku,
Wani magidanci a Mabera, Sakkwato