Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan Rushe Rumfunan Masu Sana'a

Assalamu alaikum.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka masu sana'ar hannu muna gaisuwa, muna kuma neman afuwa. Da akwai sauran ƙofar da ba mu ƙwanƙwasa ba, da ba mu dame ka ba.

Ranar Talatar nan, tun da asuba, aka shigo layinmu da katafila aka rushe rumfuna. Ba takardar gargaɗi, ba wa'adi. Wani tela a cikinmu da hannu ya tono kekensa daga ƙarƙashin kwano da bulo, kan keken ya tsage, ɗinkunan mutane sun cuɗe da ƙasa. Rasit ɗin harajin wannan watan yana aljihunsa. Masu karɓa dai ba su taɓa ɓatan hanyar layin nan ba.

An ce kowa ya nemi inda zai koma. Ranka ya daɗe, sana'armu a sarƙe take da juna. Makanike yana ci ne saboda mai kayan gyara yana kusa, ya aiki yaro ya karɓo, a biya da yamma. Mai walda yana gefe, masu kawo aiki sun san inda za su same mu duka. Yaran da ke koyo a hannunmu yau kwana huɗu suna zaune a bakin titi. Bankin Duniya da kansa ya ce ƙanana da matsakaitan sana'o'i ke samar da fiye da rabin ayyukan yi a duniya. A Bangladesh, bankin Grameen da Muhammad Yunus ya kafa, tun 1983 yake ba talakawa rance babu jingina, saboda suna cikin rukuni, suna tsaya wa juna. Mu namu rukunin aka tarwatsa.

Mun rubuta, mun je, an kafa kwamiti, an ɗauki sunayenmu har mun daina ƙirgawa.

Allah ya taimaki Sarki, muna roƙo ka sa baki a ba mu wuri guda, mu koma tare, da wuta da takardar izini. A biya waɗanda kayan aikinsu suka lalace. A dakatar da haraji sai mun tsaya da ƙafafunmu, a haɗa mu da masu ba da rance. Amma dai wurin, ranka ya daɗe, kada a raba mu. Kuma a faɗa mana wanda ya ba da umarnin.

Talakawanka masu biyayya,
A madadin masu sana'ar layin da aka rushe.